Bitrus, Akuyar Challawa Ta Gane Ba Ka Nan

Zuwa ga aminina kuma tsohon abokin aikina, Bitrus,

Gaisuwa ta girmamawa daga gindin darbejiyar da ke ƙofar kamfaninmu na jimar fatu a Challawa. Ina fatan kai da Maman Rifkatu kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin Filato bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne in wanke kaina. Kwana biyu wayarka ba ta yi ƙara da azahar ba, kuma na san halinka: ba za ka tambaya ba, sai dai ka ce wa iyali mutanen Kano sun manta da kai. Wallahi ba haka ba ne. Kamfanin waya ne ya janye tsarin data marar iyaka da nake saye duk wata. Yanzu awo ake yi, iya cinka iya biyanka. Na karɓo 'yar ƙasidar da suke rabawa, na karanta ta har ƙananan rubutun da ke ƙasa, na ja layi a inda aka ce kiran bidiyo ya fi komai ci. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ka tuna yadda abin ya faro. Idan an busa jiniyar hutu, mukan jera kwanuka a benci mu tafi salla, kai kuma ka zauna gadi saboda jar akuyar mai shayi. Kakan ce, "Ku je ku roƙa mana Allah, ni zan ji da wannan shaiɗaniyar."

Da ka yi ritaya ka koma gida, ban ga dalilin da zai sa ka ajiye muƙamin ba. Sai in kira ka, in jingine waya a jikin kular abinci, fuskarka na kallon kwanuka. Muna cikin sahu muna jiyo ka daga kan duwatsun garinku kana daka wa akuya tsawa, ita kuma tana ja da baya tana neman inda kake. Malam Sani limaminmu ya taɓa roƙona bayan sallama in rage maka murya.

Sannan mu dawo mu ci namu, kai ma kana shan gwatenka a can. Sau da yawa ba wata hira ake yi ba. Kana nan ne kawai.

To, akuya ta gane. Shekaranjiya ta ture murfin kwanon Ɗan Maraɗi mai tuƙa motar fatu, ta share masa dambu tas. Kowa ya yi dariya ban da ni, domin ba dambun nake kallo ba, gurbinka nake kallo. Na ji tsoro, Bitrus. Zumunta a ƙafa take, mu kuwa tamu ƙafar ita ce wannan kira.

Na rufe duk abin da ke shan data a wayata, har kallon ƙwallo na haƙura da shi, amma na ga ni kaɗai ba zan iya ɗaukar nauyin kiran kullum ba. Ɗan Maraɗi ne, cikin haushin dambunsa, ya ce a yi karɓa-karɓa yadda muke canjin aiki. Kowa ya ɗauki rana. Asabe mai abinci ta ce ba za a bar ta a baya ba, tunda kai kaɗai kake yaba miyarta. Malam Sani ya karɓi Alhamis, bisa sharaɗin ka sassauta murya idan an yi sujada.

Saboda haka roƙona biyu ne. Na farko, ka sa Rifkatu ta duba ko kai ma an canza maka tsari, kada mu gyara nan ya yage can. Na biyu ya fi nauyi a bakina. Ni na karanta maka ƙasidar gargaɗi kan 'yan damfara, ni na hana ka ɗaga baƙuwar lamba. A wannan karon ka saɓa mini. Idan baƙuwar lamba ta kira ka da azahar, ɗaga, ɗan'uwana. Mu ne.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci gonarka da zuri'arka, Ya bar mu tare ko da awo ake yi mana.

Gobe wayar Ɗan Maraɗi ce. Ka gyara murya, domin akuyar ta haihu, kuma 'ya'yan sun fara bin ta benci.

Naka har kullum,
Inuwa na sashen rini