Shekara Goman Da Ka Ƙara Wa Baba

Kura,
14 ga Fabrairu, 2006.

Zuwa ga ƙanena Taufiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da matarka Kubra da 'yar jaririyarku Binta. Allah ya raya ta, ya tsare ku daga sanyin Ingila da kake yawan ba mu labari. Mu nan Alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da kanta. Tumatir ya nuna, kwanduna sun cika bakin titi har Kadawa, alkamar Kawu Ɗanladi ma ta yi kyau bana. Kowa lafiya in ban da Baba, kuma maganarsa ce ta sa na zauna rubutu maimakon in je wajen masu waya. Na san in na ji muryarka ko dai in yi kuka ko in yi zagi, kuma ba wanda nake so in yi a gaban mutane.

Ranar Litinin ta makon jiya aka karɓi makullin ƙofar ruwa daga hannun Baba. Shekara ashirin da takwas yana buɗe kanal ɗin nan na ban ruwan gonaki yana rufewa, ba manomin da ya taɓa kai ƙararsa, saura shekara uku ya ajiye aiki da mutuncinsa. Ba sata ya yi ba, ba rashin lafiya ba ce. Fasfonsa ne ya kore shi, kuma ka fi kowa sanin yadda aka yi fasfon.

Ka tuna bara da ka ce zai zo ya ga jikarsa? Ka ce a can duk wanda ya haura sittin da biyar ana yi masa rangwame a jirgin ƙasa da gidajen tarihi da duk inda ake biya a shiga kallo. Ka ce tunda Baba ba shi da takardar haihuwa, a rubuta 1939 maimakon 1949 da ke cikin fayil ɗinsa na ofis, ai ko shi kansa bai san ranar da aka haife shi ba. Baba ya ce a'a. Sau uku ka kira, kana cewa kowa haka yake yi, kana cewa mu mutanen gida ba mu san yadda ake tattali ba. Ni na raka shi kotu ya yi rantsuwar shekaru, kuma ba zan wanke kaina ba, na san ba ya so amma ban ce a fasa ba. Ranar bai ci abinci ba.

Ka aiko mana hotuna mun gani, Baba a gaban gidan sarauta, Baba a cikin wannan babban lilon na bakin kogi, sanye da rigar sanyin da ta yi masa yawa. Mun yi murna, Inna ta zagaya da su unguwa. Abin da ba ya cikin hoton shi ya faɗa mini bayan ya dawo. Ya ce duk ƙofar da kuka je sai ka zaro fasfonsa daga aljihunka, ka miƙa wa mai sayar da tikiti, ka ɗora yatsa a kan shekarar, ita kuma ta ɗago ta kalle shi. Ya ce sai ya ji kansa kamar ragon da ake buɗe wa baki a kasuwa a duba haƙoransa. Na tambaye shi me ya fi burge shi a duk tafiyar, sai ya ce wasu ƙofofin ruwa na katako a kanal ɗin bayan gidanku, inda ya yini yana kallon yadda ake ɗaga jirage da ruwa. Wannan kuwa, Taufiq, kyauta ake kallonsa.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne, da ya nemi izinin tafiya a ofis, sai da ya haɗa da kwafin fasfon. Yana nan kwance cikin fayil har watan jiya da aka zo tantance ma'aikata. Suka ga mutum ɗaya da shekarar haihuwa biyu. Shugaban kwamitin ya san Baba, ya so ya taimake shi. Ya ce Baba ya rubuta cewa ta fasfon ce ƙarya, ya faɗi dalili da wanda ya sa shi, a tura ofishin fasfo su bincika, shi kuma ya ci gaba da aikinsa. Baba ya zo gidana da la'asar ya tambaye ni, in aka ce fasfon ƙarya ne, maganar za ta iya kaiwa Ingila ta taɓa takardun zamanka, tunda kai ka sa hannu a gayyatar? Na ce wallahi ban sani ba. Ya hau kekensa ya tafi.

Washegari ina tsaye a bakin ƙofar ofis ya ce wa 'yan kwamitin: "Ta fasfon ce gaskiya. Ta fayil ni na rage." Ƙarya ta biyu ke nan, kuma dukansu dominka ya yi. Yanzu a gari ana cewa ashe Malam Iliyasu, da ke jan salla a masallacin bakin kanal, rage shekaru ya yi yana cin albashin da ba nasa ba. Jiya ya ja baya ya tura wani ya yi limanci. Har yanzu bayan asuba yakan hau keke ya tafi ƙofar ruwa, ya zauna a kan siminti. Sabon ma'aikacin da aka kawo daga Madobi bai san ranar ruwan kowa ba, albasar da Lahadi matar Abednego ta shuka ta kwana uku ba ruwa, Baba yana gani.

Na san abin da za ka fara yi, don haka nake gaya maka tun yanzu, kar ka aiko da kuɗi. Ba zai karɓa ba, ni ma ba zan kai masa ba. Haushinka nake ji, ina kuma jin haushin kaina. Ka tafi ka koyo lissafin mutanen can, ka manta cewa a nan tsoho sunansa kawai yake da shi.

Ka gaida Kubra, ka shafa mini kan Binta. Inna na gaishe ku, ita da Kawu Ɗanladi da ƙanwarmu Murja. Inna ba ta san kai ka kawo shawarar ba, Baba ya hana a gaya mata.

Na tambaye shi ko yana da saƙo zuwa gare ka. Ya ce in gaishe ka, in ce bai riƙe ka da komai ba. Sai da na miƙe zan fita ya kira ni, ya ce akwai abu ɗaya da yake son sani, kuma ka rubuto masa da hannunka: duka-duka, nawa ne suka rage maka?

Wassalam,
Yayarka,
Mairama