Na Cire Wa Masarar Malama Takarda

Zuwa ga Hajiya Maijidda,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, akwai abin da na yi wanda ban gaya wa kowa ba, ko Innata. Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare, a Tudun Wada muke.

Akwai wata Malama Ummuhani da ke haya a gidanmu ita da maigidanta. A Samaru take aikin binciken shuke-shuke, kuma da kanta take tuƙa motarta. Ban taɓa ganin mace irinta ba. Ni ko gaisuwa in zan yi mata sai in ruɗe, amma ita ba ta taɓa yi mini dariya ba.

Bana ta shuka wata masara a bayan gida, mai ɗigo-ɗigon ja a jikin ƙwaya. Ta ce a cikin abin gadon da ke ba ƙwaya launi akwai wasu 'yan abubuwa da ba sa zama wuri ɗaya. In suka sauka a kan launin sai ya mutu, in suka tashi ya dawo, shi ne ɗigon. Ta ce wataƙila har a jikin mutum akwai su, ko da yake ba kowa ya yarda ba. Na yini ina duban hannuna.

Kowane goyon masarar ta rufe shi da jakar takarda mai rubutu. Da ta yi tafiya Ibadan sai hadari ya taso, Inna ta ce mu kwashe shanya. Na ga rubutun Malama zai jiƙe, na ruga na cire guda bakwai na kai ɗaki. Sai bayan kwana biyu na mayar. Daga baya ne na ji tana gaya wa Baba wai takardar tana tare garin furen wata masarar ne kada ya faɗa wa tata. Ga shi bana gwamnati ta ce kowa ya yi noma a bayan gidansa, duk maƙwabtanmu masara suka shuka.

Yanzu an girbe, kullum da la'asar ni da ita muke ƙirga ƙwayoyin. Goyo bakwai ɗin nan da na cire wa takarda sun fito daban da sauran. Murna take ta yi, ta ce ta ga sabon abu, ƙarshen wata za ta karanta wa manyanta na wurin aiki rahoto a kai. Har ta ce ba ta taɓa samun mai ƙirga da natsuwa irina ba. Na buɗe baki sau uku, magana ta ƙi fita.

Ba zan iya kallonta tana jin haushina ba. Na riga na roƙi Inna ta bar ni in koma wurin gwaggona a Gyallesu, ta yarda. Ranar Asabar zan tafi.

Taki,
Mai Jin Kunya, Tudun Wada

Amsa

'Yata, wa alaikis salam. Ajiye ƙullin kayanki tukuna.

Abin da kika yi ranar hadari ba mugunta ba ce. Duk yarinyar da aka yi wa tarbiyya in ta ga ruwa zai taɓa kayan mutane, kwashewa take. Ita ma Malama da nata sakacin, don wanda ya ajiye aiki mai muhimmanci a gidan jama'a ya kamata ya faɗa musu abin da ba a taɓawa. Amma shirun da kike yi yanzu, wannan naki ne. In kika tafi Gyallesu, rahoton yana nan. Za ta tsaya gaban manyanta da lissafin da ba ta san an taɓa ba, wani ya sake gwadawa ya ga ba haka ba, sunanta ya ɓaci.

Na tambayi wani malamin gona. Ya ce mai yiwuwa garin furen masarar maƙwabta ne ya jawo bambancin, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne, amma ba mai iya rabewa sai ita, kuma sai ta san abin da ya faru. Ya ce asarar damina ɗaya ba baƙon abu ba ne a aikinsu, sake shukawa ake yi.

Tunda baki ya ƙi, hannu ya yi. Wasiƙar nan taki ta nuna kin iya rubutu sarai. Ki rubuta mata ranar da kika cire, guda nawa, kwana nawa suka yi a buɗe, da layin da suke in kin tuna. Ki miƙa mata da hannunki kafin Asabar, ki tsaya har ta gama karantawa.

Ba zan ce ba za ta ji zafi ba. Za ta ji, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake miki fuska ba. Ki daure, ki ci gaba da gaishe ta. Macen da kika kwatanta mini ta zaɓi aikin da ba ya tafiya sai da gaskiya, ina kyautata zaton za ta gane darajar wadda ta kawo mata ita a kan lokaci.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya buɗa miki hanyar karatu.

Hajiya Maijidda