Direban Da Bai Mutu Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙarfin jiki? Inna tana gaishe ka. Gwiwarta ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida tana yi wa kajina faɗa.

Na san za ka yi dariyar ganin takarda a wannan zamani. Laifinka ne, don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na tambaye ka sakamakon gwajin asibiti sai ka ce likita ya ce gajiya ce, ka shiga tsokanata da zancen furfurata, kafin in farga mun yi sallama. Anti kuma yanzu e da a'a kawai take ba ni, kamar wadda ke gaban alƙali. Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta.

Ka tuna shekarar da na karye, aka ɗaure mini ƙafa, lokacin kana yage tikiti a ƙofar silima? Kullum da hantsi sai ka shimfiɗa bargo a ɗakinmu kana goge rigar aikinka, ina kwance, kana ba ni fim ɗin jiya. Kai ne jarumin, kai ne mugun, kai ne kiɗan. Dutsen guga ya zama bindiga, ya zama mota, har wata rana ka ƙona kwala garin tseren dawaki. Wanda na fi so shi ne na direban jirgin ƙasan nan da gada ta karye a gabansa, ya kwance taragun fasinja ya wuce shi kaɗai da kan jirgin. Ka ce ya faɗa kogi, masunta suka tsamo shi, ya koma gida yana ɗingishi irin nawa, daga baya ya warke sarai har yana tsere da ɗansa. Ban san sau nawa na sa ka maimaita mini wurin masuntan ba.

To, an sake yin fim ɗin sabo. Babbar 'yata ta ce za ta kai ni, amma ta ja mini kunne kada in kuskura in kalli tallansa, wai tallan yanzu ba ya riƙe sirri, komai zazzage shi yake yi. Ita idan aka sa shi a talabijin toshe kunne take yi ta bar ɗakin da gudu, mace da 'ya'yanta. Na ce mata me za a ɓata mini, ni da na haddace labarin tun ba a haife ta ba?

Ranar Talata ina kan keken ɗinki, wata mai jiran in rage mata siket ta kunna tallan a wayarta. Na leƙa. Ga jirgi, ga gada, komai kamar yadda ka faɗa. Sai kuma ga hular direban a kan kabari, ga ɗansa tsaye. Na tsayar da keke na ce wallahi sun lalata labarin, direban nan bai mutu ba, yayana a silima ya yi aiki. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ke kawo mini ɗinki, tana zaune a benci. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ita ta kalli na farkon, kuma a can ma ya mutu, ranar har maza sun fito suna share ido.

Sai na shiga jero mata sauran finafinan da ka ba ni labarinsu. Sojan da ya dawo ana shirin raba kayansa. Uwar da ta gane ɗanta a tashar mota. Duk wanda na ambata sai ta girgiza kai. Yaya, ashe ko mutum ɗaya ba ka bari ya mutu a ɗakin nan ba.

Ban yi fushi ba. Dariya na yi ta yi da almakashi a hannu, har ta juye ta zama wani abu dabam, na shige bayan labule. Na yi kewar ɗakin nan, da ƙamshin riga mai zafi, da kai kana tsalle a kan bargo. Da labaranka na koyi taka ƙafar nan, ba zan manta ba.

Amma a bayan labulen na tuna wayarmu. Muryar da ka ce mini gajiya ce, da ita ka ce masunta sun tsamo shi. Tsoro nake ji, Yaya. Na girma, har jika gare ni. Don Allah wannan karon ka faɗa mini yadda abin yake.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ba ka sauƙi, ya saka wa Anti da alheri.

Amsarka ta iso. A shago na karanta, na rufe ƙofa da rana tsaka. Na gode da ba ka yi mata ado ba, ko da yake sai da ka fara da cewa rubutuna har yanzu kamar tafiyar kaza yake. Na gane abin da likitoci suka ce, na kuma gane me ake nufi da cewa a koma gida a huta. Ba zan yi maka kuka a takarda ba, na yi wanda zan yi.

Ka roƙe ni kada Inna ta sani. Na yi ƙoƙari. Da na koma gida tana zaune tana tsefe kan ƙaramar jikarta, ta tambaye ni me ka rubuto. Na zauna kusa da ita na ce an canza maka magani, har ka fara cin abinci sosai. Na ga tana saurare, sai na ƙara cewa kana zagaya unguwa da safe, Anti ma tana ƙorafin ba ka zama wuri ɗaya. Ban san na iya ba, bakina kawai ya yi ta zuba, har hannu nake yarfawa irin naka.

Ta bari na gama tsaf. Sannan ta ajiye matsefi ta ce in sauko mata da jakarta daga saman kwaba. Ta ce bangon ɗakinmu na dā ba shi da kauri, kuma maƙwabciyarmu ba ta fashin silima, don haka ita Inna kowane fim sau biyu take jin ƙarshensa, na gaskiya a bakin maƙwabciyar, da naka ta bango. Ba ta taɓa tona ka ba. Ta ce ni dai ban kai ka iyawa ba.

Muna tafe mu biyu a motar safe ranar Asabar. Ta ce kada ka tashi tarbarta, kuma kada ka shirya mata wani labari, zama kawai take so ta yi kusa da kai.

Taka har kullum,
Auta