Mijina Ba Ya So 'Yarmu Ta Yi Wa Tuta Alkawari

Anti Lorraine, don Allah ki taimake ni. Saura kwana tara Ranar Tsofaffin Sojoji, gidana kuwa ya rabu biyu a kan tuta.

Ni haifaffiyar jihar Nebraska ce a Amurka, cikin gonakin masara na girma. Mijina Torben Bajamushe ne, mai sanyin hali, ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. To 'yarmu Maren, mai shekara bakwai, aka zaɓa ta ja sauran yara wajen karanta alkawarin biyayya ga tuta a taron makaranta na ranar. Ta dawo da murna, ta tsaya a tsakiyar falo, ta dafa ƙirji, ta zuba shi tas. Ni na tafa. Ina waiwayawa na ga Torben ya yi tsuru kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa. Ashe bai san kowace safiya yara suke karanta shi a makaranta ba. Ya ce kakarsa ma ta yi irin wannan tsayuwar tana yarinya a Jamus, kuma duniya ta san yaƙin da abin ya kai su. Yanzu so yake ya rubuta wa malamar a cire Maren.

Babana Wendell kuwa shekara ashirin da biyu ya yi a soja, tuni ya goge hularsa don taron. Da ya ji, cewa ya yi, “Iko sai Allah. Wato Bajamushe ne zai koya mini 'yanci a cikin garina?” Tun ranar ba su sake gaisawa ba, ni kuma abin yana cin raina.

Da ma na taɓa kwafsawa. Zuwan surukata na farko, na sayo tutar Jamus na rataya a baranda kusa da tamu don ta ji daɗi. Baiwar Allah ta dube ta, ta tambaye ni ko wasan ƙwallo ake yi yau. Na sha kunya, amma ban gane komai ba.

Gaskiya, Anti, tambayar da ke raina ta fi rigimar damuna. Shekara goma sha biyu ina karanta alkawarin nan a makaranta, rabin lokacin ina tunanin abincin rana, ban taɓa cewa don me ba. Su ma Jamusawa ai zaɓe suke yi, suna zagin shugabanninsu son ransu. Me ya sa mu muke kafa tuta a ƙofar gida, a coci, a wurin sayar da mota, har a kan kek? Mu ne muka yi yawa, ko su ne tsoro ya yi wa yawa? Kuma ranar nan, ina zan sa 'yata?

Mai Tambaya daga Nebraska

*

'Yar'uwata Mai Tambaya,

Ba wanda ya yi yawa, kowa da abin da ya gani ne. Bajamushe ko Bafaranshe ya tashi ya tarar da harshe da kakanni a ƙasa guda, ba sai ya maimaita wa kansa ko shi wane ne ba. Mu galibinmu daga ko'ina aka taro mu, wasu da son ransu, wasu a ɗaure, aka tarar da masu ƙasa. Abin da ya haɗa mu alkawari ne a takarda, shi ya sa muke yawan faɗinsa da baki. Mutanen Torben kuwa sun ga yadda aka yi amfani da tuta da bakin yara aka jefa ƙasa a wuta, sai son ƙasarsu ya koma na sa ido. Babanki da mijinki abu ɗaya suke gudu, wato mai mulkin da zai taka mutane. Ɗaya da tuta yake tare masa hanya, ɗaya da shakka.

Sai dai duk kun manta da mutum ɗaya. Kin gaya mini ra'ayin kowa, ban ji wanda ya tambayi Maren ba. Tun shekarar 1943 kotun ƙolin ƙasar nan ta yanke cewa ba a tilasta wa yaro karanta alkawarin. To idan gwamnati ba ta da ikon buɗe mata baki, babanta ma ya yi hattara da rufe shi.

Kada a rubuta wasiƙar nan tukuna. Ki haɗa su cin abinci ranar Lahadi. Baba Wendell ya gaya wa jikarsa abin da tutar take nufi a wurinsa, Torben ya ba ta labarin kakarsa daidai hankalinta, ke kuma ki fassara mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tunda na tabbata haddacewa kawai ta yi. Daga nan ta zaɓa, kowa ya haƙura da zaɓinta.

Idan ta ce za ta yi, Torben ya je, ya tsaya kusa da surukinsa, hannunsa a gefe, bakinsa a rufe, ba wanda zai taɓa shi. Idan Baba ya harare shi, ki raɗa masa cewa shirun nan ma yana cikin abin da ya yi shekara ashirin da biyu yana karewa.

Allah ya daidaita ku, ya raya Maren.

Anti Lorraine