Wutar Bututu da Gwiwar Rukevwe

Zuwa ga yayata Eguono,

Migwo, Yaya, na durƙusa. Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Ya maigida da jikoki? Mu nan lafiya, sai dai hankalina a tashe yake, kuma 'yarki Rukevwe ce sanadi.

Kin san tun rasuwar ubanta, wutar gas ɗin da kamfanin mai ke ƙonawa a bakin bututu ce ke ci da mu. Ko da damina, kafin rana ta take ta busar mana da rogon kpokpo da muke shanyawa a tire, ya yi ƙaras. Da shi na yi mata makaranta har ta zama malamar kimiyya. To yanzu ta koya wa ɗalibanta cewa irin wutar nan na cikin abubuwan da ke ɗumama duniya. Autar Mama Ochuko, shugabar ƙungiyarmu ta masu shanya, ta koma gida ta ce wa uwarta, "Ashe ku ne ke dafa duniya." Ita ta sha mari, ni na sha harara.

Na tsare Rukevwe a madafa. Na ce, "Ke, wutar da in ka kai bakin titi ba ka jin ta, ita za ta ɗumama ƙasar Turawa? Karatun ne ya taɓa ki?"

Ta ce, "Mama, ba zafinta ba ne, numfashinta ne." Wai duk abin da aka ƙona, fetur ko gas ko gawayi, yana fitar da iskar kabon da ido ba ya gani, ta hau sama ta zauna shekara da shekaru. Hasken rana ya ratsa ta ya shigo, ƙasa ta ɗau zafi, in zafin zai koma sama sai ta tare wani. "Kamar ledar da kike rufa wa tire, ki buɗe ki ji ciki ya turara." Wai gas ɗin da ke tserewa bai ƙone ba ma ya fi riƙe zafi.

Abin haushin, Yaya, na gane.

Ƙanwarki,
Omonigho


Yaya Eguono,

Migwo. Ina fata kuna lafiya, maganin ƙafa kuma ya karɓe ki.

Magana ta ɓaci. Ana raɗe-raɗin kamfani zai kashe wutar ya tura gas ɗin tashar lantarki, mata kuwa sun ɗora wa Rukevwe, kamar ita ce mai kamfanin. Mama Ochuko ta tare ni a bakin wuta, gaban kowa. "Uwar Farfesa! Wutar da ta saya mata takalmi yau ita ce mayya? Ki kawo ta ranar Asabar ta durƙusa ta ce ƙarya ta yi. In ba haka ba, ki kwashe tirenki, masu jiran gurbin na nan."

Na roƙi Rukevwe har da kuka. Ta ce, "Durƙuso zan yi, iyayena ne. Amma ban yi ƙarya ba." Ta tuna mini ambaliyar da ta kai mana taga. Wai iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa, ƙanƙarar ƙarshen duniya na narkewa, teku na hawa. Na ce wutarmu ce ta kawo? Ta ce, "Ita da dubunta, da motoci da masana'antun duniya. Ba ke kika kunna ta ba, Mama. Tarin da hayaƙinta ke sa ki kawai aka bar miki."

Taurin kan ubanta ta ɗauko. Ina tsoro, Yaya. In na rasa gurbin nan, da me zan ci? Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Omonigho


Yayata,

Migwo. Ina gaishe ki da mutanen gida, Allah ya ƙara sauƙi.

An yi taron a harabar coci, rana tsaka. Rukevwe ta durƙusa kan tsakuwa ta ce, "Migwo, iyaye." Ke kin taɓa ganin an gaida babba ya ƙi amsawa da vrendo don a tashi, ya bar yaro a durƙushe? Mama Ochuko ta naɗe hannu. "Faɗi tukuna, sannan ki tashi."

"Ku yafe mini ɓacin ran da na sa ku. Amma abin da na koyar gaskiya ne."

"To zauna nan, duniyar ta ɗumama ki!"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ta ƙare, yarinya na nan. Gumi na ɗiga daga haɓarta, manyan mata cike da wuri kowa ta kau da kai. Ba ta ko dube ni ba, don kada ta sa ni a tsaka mai wuya. Wannan ne ya karya mini zuciya.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Vrendo, 'yata. Tashi."

Da yamma aka aiko mini da tirena gida. Yau a kan rufin kwano na shanya rogona, kamar yadda kakarmu Nene ke yi muna yara, ga hadari na haɗowa ta gabas. In kina da tsohuwar leda babba, ki ba mai mota ya kawo.

Ƙanwarki har kullum,
Omonigho