Layi Na Dubu Tara da Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka kawo mini abokin zama a Akurki. Haka kowa ke kiran ɗakin nan nawa na saman bene: ba taga, fanka ɗaya mai kuka, tebur, da ni. Shekara huɗu ina nan ina nemo hotunan kayan keken ɗinki a intanet ɗaya bayan ɗaya, in kwafe adireshin hoto da girmansa da inda ya fito, in zuba a jadawali domin shafin cinikin kamfani. Kaya dubu goma sha ɗaya. Ban kai rabi ba.

Injiniya ce ta zo ta saka shi a kwamfutata. Ta ce wakili ne mai basirar na'ura, shi zai karanta sunan kaya, ya buɗe shafin binciken hotuna, ya zaɓa, ya cike jadawalin da kansa. Aikin da nake yi a wata, wai shi a wuni zai yi.

Manaja ya tsaya daga bakin ƙofa, don ko shi ba ya iya shigowa saboda zafi. Ya ce Kawu Mai Gyara, da ke gyaran kekunan ɗinki a ƙasa, zai ajiye aiki ƙarshen wata. "Ranar da abin nan ya yi kwana uku cur bai nemi taimakonki ba, bencin Kawu naki ne. In wata ya ƙare bai yi ba, sai in nemo wani daga waje."

Bencin da Abba ya zauna shekara ashirin kafin ya rasu. Na ce, to yallaɓai.

Laraba, 5 ga Maris

Na yi dariya har da hawaye, ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Jerin kayan nan Abba da Kawu ne suka fara rubuta shi tun ina goye, kuma da sunayen da suka ga dama. Ƙarfen da ke danne yadi, "ƙafa". Wanda ke jan yadi daga ƙasa, "haƙori". Akwai "wuyan agwagwa", akwai "kunnen ɓera", akwai "surukar allura". Duk kamfanin nan daga ni sai Kawu muka san fassararsu.

To malaminka ya karanta "ƙafa ƙarama", ya je ya kwaso mini ƙafafun jarirai guda sittin, kowace da adireshinta da girmanta, tsaf-tsaf. A "haƙori mai layi uku" abin da ya kawo ya hana ni cin abincin rana. Injiniya ta gyara shi ta ce daga yanzu in bai gane ba ya tsaya ya tambaye ni. Na raɗa masa suna Malam Tambaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Tambaya ɗari da goma sha huɗu. Na ƙirga.

Litinin, 10 ga Maris

Da can ni ke da aikina. In na gaji in miƙe, in leƙa ƙasa in sha iska, in dawo. Yanzu ƙararrawar Malam Tambaya ke da ni. Ƙing! "Mene ne wuyan agwagwa?" Kuma duk mintin da ya yi yana jirana yana rubutawa, rahoton na tafiya wajen Manaja da yamma. Yau an ce na ɓata minti goma sha ɗaya. Banɗaki na je.

Wani lokacin ma ba suna ne ya tsayar da shi ba. Shafin bincike ne ke tare shi da wannan ɗan akwatin da ke cewa a tabbatar mutum ne. Sai ya kira ni in danna masa. Aikin da ya rage mini ke nan a duniya, in riƙa rantsewa da cewa ni mutum ce a madadin wanda ba mutum ba. Sau tara yau. A na taran sai da na ɗan yi jim kafin in danna.

Injiniya ta ce wannan za ta magance shi, akwai ƙofar da aka tanadar wa irinsu, za ta nema masa izini. Sunayen kuwa, ta ce, wannan tsakaninku ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Kawu ya hawo bene! Da gwiwar nan tasa. Ya zauna kan kwalin takardu yana haki, ya dubi bango huɗu, ya ce ko kaza aka sa a nan sai ta daina ƙwai.

Ya kalli Malam Tambaya yana aiki, hotuna na wucewa fiu-fiu. Can ya ce, "Auta, wannan ba jiya ya tambaye ki kunnen ɓera ba? Na ji ki kina masifa tun daga ƙasa."

Na ce mantuwa gare shi, Kawu.

"Ikon Allah. Na'ura da mantuwa."

Ya bar mini warin man keke a ɗakin, har aka tashi ina jin sa.

Lahadi, 16 ga Maris

Umma ta sa na jawo akwatin aikin Abba daga ƙarƙashin gado, wai kekenta na tsallake ɗinki. Na buɗe, na ga sukudireban nan mai jar ƙota da ta lotsa daidai wurin babban yatsansa. Na rufe. Na ce mata kaina ke ciwo, ta kai wa Kawu.

Shekara biyar rabon da in kwance keke. Kowa na cewa 'yar gidan mai gyara, hannun ubanta ta ɗauko. Ba wanda ya san ko hannun yana nan. Ni ma ban sani ba, kuma tsoro nake ji in duba.

Talata, 18 ga Maris

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Ba shi da mantuwa. A ƙasan kowace tambaya akwai ɗan murabba'i da aka rubuta "riƙe wannan amsar" a gefensa. In na danna, ya koya ke nan har abada. Tun ranar farko na gan shi. Ban taɓa dannawa ba, ko sau ɗaya.

Injiniya ta gano yau. Ta daɗe tana kallon allon, ta kalle ni, ta ce, "Yaya, kin san da wannan wurin kuwa?" Na ce au, ashe haka ne. Ta ce eh, haka ne. Yarinyar kirki, ba ta kai ni gaba ba.

Ina kukan an kulle ni, ashe makullin na cikin tafin hannuna. Kunya ta ishe ni.

Alhamis, 20 ga Maris

Wani ya zo neman bencin, da takardun shaida cikin farar leda. Manaja ya zagaya da shi ƙasa. Ina jiyo su ta matakala, yana tambayar ko za a iya matsar da bencin kusa da ƙofa. A matsar! Bencin da ke gindin taga saboda hasken safe ya faɗo kan allura.

Ban sauka ba. Ƙararrawa ta kira ni, surukar allura, karo na goma sha bakwai. Na amsa, ban danna ba. Me ke damuna ne?

Asabar, 22 ga Maris

Umma ba ta kai wa Kawu keken ba. Ta aza shi a tsakar ɗaki inda sai na yi tuntuɓe da shi, ta tafi unguwa.

Awa biyu na yi a abin da Abba zai yi kafin ruwa ya tafasa. Na yanke a yatsa, na sa haƙorin a juye na sake kwancewa. Amma ya yi ɗinki. Layin ya ɗan karkace, amma bai tsallake ba.

Da ta dawo ta gwada, abin da ta ce kawai, "Ya yi ƙara da yawa, ki sa masa mai."

Litinin, 24 ga Maris

Na fara dannawa. Ƙafa, riƙe. Haƙori, riƙe. Wuyan agwagwa, riƙe. Kowanne sai in rubuta masa sunan da masana'anta ke kiransa da lambarsa, ya ce ya gode, shi ke nan ba zai sake nemana a kai ba. Ji nake kamar ina kwashe kayan ɗakin Abba ina miƙa wa baƙo ta taga. Tagar da ba ni da ita.

Injiniya ta samo masa izinin nan, na daina rantsuwa.

Talata, 25 ga Maris

Na zauna na bi jerin tun daga sama har ƙasa, na koya masa duk wanda bai kai ba tukuna. Suna ɗari uku da shida. Saura ɗaya.

Laraba, 26 ga Maris

Kwana na ɗaya. Shiru. Na share ƙarƙashin tebur, na goge fanka, na zauna ina kallon hannuna.

Alhamis, 27 ga Maris

Kwana na biyu, shiru. Manaja har da leƙowa yana murmushi.

Layi na dubu tara da ɗari huɗu da sha biyu. Wani ɗan sukuru ne da bai kai ƙwayar gero ba, na jikin gidan zare. In ya faɗi ƙasa ba mai ganinsa. Ina shekara shida Abba kan kira ni, in durƙusa ƙarƙashin benci, kafin ya gama mita na miƙo masa. Shi ya sa a jerin aka rubuta "idon Auta". Da rubutunsa ne a tsohon littafin jerin kayan.

A yadda Malam ke gudu, gobe wajen ƙarfe uku zai iso wurin. In ya tambaya, lissafi ya koma farko, kuma wata ya ƙare. Na sani. Na buɗe wurin rubutawa sau uku na rufe. Wannan ɗaya ba sunan kamfani ba ne, nawa ne, kuma ba na son bayarwa.

Juma'a, 28 ga Maris

Yana layi na dubu tara da ɗari uku da casa'in na rubuta. Sunan masana'anta, lamba, riƙe.

Ya iso, bai ko ɗaga kai ba. Ya kawo hotuna arba'in na ɗan sukurun, an girmama shi ya cika allo, kowanne da adireshinsa da girmansa. Ban taɓa ganinsa da girma haka ba, ashe har wata 'yar tsaga gare shi a gefe. Ya wuce layi na gaba.

Fankar nan tana sa ido ruwa, ya kamata a canza ta.

Talata, 1 ga Afrilu

Bencin bai matsa ba. Kujerar Kawu ta yi mini tsawo, na sa kwali a ƙarƙashin ƙafata. Keke uku na karɓa, ɗaya na gama, ɗaya ya fi ƙarfina, zan kai wa Kawu gida ya yi mini dariya. Wayar wata tela ta yi ƙing na miƙe zumbur zan hau bene, sai da ta tambaye ni lafiya.

Da hantsi ina ɗaure gidan zare, ɗan sukurun ya suɓuce. Telar ta ce wayyo, ya tafi ke nan. Na durƙusa. Yana nan jikin ƙafar benci ta hagu, inda ya saba zuwa.

Ta ce, me ake kiran wannan ɗan mitsitsin? Na gaya mata. Ba sunan masana'anta ba.