Ki Ba Reinier Gangata

Bergen, 12 ga Yuli

Yaya Maritza,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Mama? Yaya yara? Ni lafiyata lau, aikin kamfanin kifi yana tafiya. Hannuwa ne kawai suke ɗan yi mini tsami saboda ruwan ƙanƙara. Likita ya ce jijiya ce. Kada ki gaya wa Mama.

Na san yanzu garinmu Santiago ya ɗauki haramar karnabal, bikin kiɗa da rawa na shekara, an fito da gangunan conga ana gasa fatunsu a wuta. Ranar Lahadi Baba Eladio, shugaban makaɗanmu, ya kira ni. Ya ce, "Kai ɗan banza, shekara uku ina riƙe maka gurbinka. Bana ma kifin ne?" Na ce masa baɗi, in Allah ya yarda. Ya yi dariya, ni ma na yi.

Da muka gama, na gwada kiɗanmu a kan tebur. Ko minti biyu ban yi ba yatsuna suka sandare. Na daɗe zaune ina kallonsu.

Don haka ki sauko da gangata daga bayan ƙofa ki ba Reinier, ɗan Kawu. Hannunsa mai kyau ne, gaggawa ce kawai matsalarsa. Ki faɗa wa Baba Eladio da bakinki ya ba shi gurbina, ni ba zan iya ba.

Ranar da ayarin makaɗan conga zai bi ta layinmu, ki kira ni ki ɗora wayar a taga. Ba sai kin yi magana ba.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Osmel